Takin da Tirela Ta Kai Gonata

Har yau ba na taka ƙasa da diddigen hagu yadda ya kamata, kuma duk wanda ya tambaye ni abin da ya sa nake ɗingishi, ce masa nake tirela ce. Sai ya zaci taka ni ta yi. Ba ta taka ni ba. Da ma taka nin ta yi, da na san wanda zan kai ƙara.

Zamanin Nasara ne, bayan ruwan gulbi ya ci tsohon gari an tashe mu an hau da mu tudu. Sabuwar Maraɗi ke nan, tituna a miƙe, kowa da filinsa. Mijina ya rasu a shekarar da muka gama gini, ya bar ni da gida, da yara ƙanana, da 'yan awaki. Abin da ke ciyar da mu wata 'yar gona ce a hanyar Jiratawa, wadda babana ya yanka mini. Jigawa ce, kuma ta gaji. Hatsin da na samu a daminar da ta wuce bai kai mu tsakiyar rani ba, sai da wana da ke Tibiri ya aiko mana da hatsi a kan jaki. Ya haɗo da saƙo: in bana ma haka ta kasance, in rufe gida in tattaro yara in koma wurinsa, don ba zai iya riƙe gida biyu ba. Gaskiyarsa ce. Amma ni ba na son komawa. Ruwan ginin gidan nan a kaina na ɗauko shi, tulu bayan tulu, ba zan bar shi in je in zauna a ɗakin aro ba.

Shi ya sa na duƙufa kan juji. A bayan katangata na tara shi tun da aka yi kaka: tokar murhu, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida. In na ga jaki ya yi kashi a titi sai in fita da sakaina in kwashe, ban ji kunyar kowa ba. Ruwan wanke-wanke ma a kansa nake zubarwa don ya ruɓa. Kafin zafi ya kankama ya kai ƙirjina, baƙi wuluk, in ka tona ciki da ɗumi. Damuwata ɗaya, yadda zan kai shi gona, don ba ni da jaki.

Ana nan sai mai shela ya zaga unguwa ya ce kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya kawo motar shara, kowa ya riƙa fito da shararsa bakin titi, za a kai can ramin da ke bayan gari a ƙone. Motar kuwa tarakta ce ke jan wata tirela ta ƙarfe, buɗaɗɗiya, mai ƙafa biyu. Direba a gaba, leburori a baya da shebur, wani lokacin da duba-gari a tsaye ya riƙe ƙarfe, hularsa a karkace. Tun daga nesa za ka ji ta, ƙarau-ƙarau, don babu komai a ciki.

To me za a zuba mata? Ɓawo na awaki ne. Toka ta juji ce. Tsumma a yi gammo, fasasshiyar tukunya a ba kaji ruwa. Tsofaffi kuma suka ce su ba su miƙa wa baƙo sharar ɗakinsu da gashin kansu a ciki, ba su san hannun da zai kai ba. Tirela ta yi ta zagaya unguwa, abin da take samu bai wuce guntun tsintsiya da mushen kaza ba. Lodi na gaske sai a kantuna da gidajen Nasara, shi ma ba ya rufe gindinta.

Cikin leburorin akwai ƙanen mijina, mutum mai kirki, mai saurin dariya, amma kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kullum suka wuce sai ya ɗaga murya.

"Matar yaya, fito da sharar mana! Ko ita ma miya za ki yi da ita?"

"In na yi ai kai ne farkon zuwa da akushi, makwaɗaici," in ce masa.

Shi ya gaya mini halin da suke ciki. Babban likita ya ce ƙudaje sun yi yawa, gudawa na kashe yara, tirela kuma na wucewa gaban ofis wayam. An tsawata wa duba-gari, duba-gari ya tsawata musu. Dole tirela ta cika, ko da mene ne.

Da ya faɗi haka na san inda za a nufa, don duk layinmu babu juji irin nawa. Ba a jima ba kuwa wata hantsi tarakta ta tsaya a bayan katangata. Duba-gari ya sauko ya zaga jujin, ya soka masa sanda.

"Baiwar Allah, wannan na wane ne?"

"Nawa ne, malam. Taki ne, gona za shi."

"A takarda sunansa shara. Jibi za a kwashe."

"Haba malam! Tun kaka nake tara shi. Abincin 'ya'yana ne wannan da kake soka wa sanda."

"'Ya'yan naki nake tsare wa. Dubi ƙudan nan."

Ƙuda kam akwai, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce ƙudan da ke mahauta fa, su 'yan gidan kumandan ne? Na ce a ba ni lokaci in nemo jaki. Ya ce lokacin nan kowa jakinsa na kai nasa takin, wa zai ba ni? Nan ma gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Ya hau tirela suka tafi suka bar ni ina ta faɗa da iska, maƙwabta na leƙe ta kan katanga.

Da la'asar sai ga ƙanen mijina, yana murmushi kamar wanda ya tsinci abu.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Ramin shara ba a hanyar Jiratawa yake ba? Gonarki ba gaba kaɗan take ba? Na yi magana da direba. Jibi duba-gari ba ya bin mu. Mu ɗauki jujin, mu wuce ta gaban ofis a gan mu a cike, mu zarce gonarki mu sauke. An kwashe shara, kin samu taki, ba jaki ba mangala."

Na dube shi na ce, "Ɗan nan, ashe akwai abu a kan nan naka?" Wallahi ranar har fura na dama masa da nono mai kyau. Na yi ta sa masa albarka.

Ranar da aka sa suka zo suka kwashe shi tas, har ƙasan wurin suka kankare. Na tsaya ina kallon tirela ta nufi cikin gari a cike, a karon farko ba ta ƙara. Ban tambayi inda za su biya ba. Ai ni a sanina daga ofis sai gona.

Ashe aikinsu suka ci gaba da yi yadda suka saba. Daga unguwa suka biya kantuna, suka biya gidajen Nasara, suka ɗora abin da aka fito da shi a kan takina. Shara kuwa a can, kafin ta kai titi kuku da boyi sun tsince duk kwalba mai lafiya da gwangwani mai amfani. Abin da ke saura sai fasassun kwalabe, da fasassun tangaran, da murafun gwangwani masu kaifi. Suka wuce ramin ba su tsaya ba, don in sun tsaya mai gadi zai ce a juye duka. Da suka isa gona direba ya riƙa tafiya a hankali, su kuma suna watsawa da shebur daga wannan iyaka zuwa waccan, wai don su hutar da ni. Na sama shi ya fara sauka. Takina da ke ƙasa ya biyo baya ya rufe shi.

Na je washegari na tsaya a bakin gona na ga ta yi baƙi. Na tsinci murfin gwangwani ɗaya ko biyu na jefar, na yi tsaki, ban kawo komai a raina ba. Daga nan iskar bazara ta yi ta kaɗo rairayi ta ƙara lulluɓewa.

Ruwan shuka ya sauka ranar Asabar, Lahadi ba su aiki, sai ƙanen mijina ya zo ya yi mini sara. Shi a gaba da sungumi yana buɗe rami, ƙafarsa cikin takalmin taya da yake aikin shara da shi. Ni a baya da ƙwaryar iri, ƙafa ba takalmi, yadda kowace mace ke shuka: ki jefa iri, ki tura ƙasa da ƙafa, ki danne da diddige, ki wuce. Ƙasa ta jiƙa, ƙanshi na tashi, har waƙa nake yi. Na ji sungumi ya yi ƙaras sau ɗaya, ya yi sau biyu. Na ga ya ɗan tsaya, bai waiwayo ba, ya ci gaba.

Ba mu kai tsakiyar gona ba na danna diddige da ƙarfina duka a kan gindin kwalba.

Ban ma yi ihu ba da farko. Zama na yi daɓas, iri ya watse. Da na ɗago ƙafar na ga koren gilashi ya shige, jini na bin rairayi. Na sa hannu gefena don in dafa, wani ya yanke ni a tafi. Sai na fara tonawa. Ko'ina na sa yatsa akwai shi.

"Mene ne wannan?" na ce. "Kai, zo nan. Mene ne wannan a gonata?"

Ya zo ya tsuguna. "Yaya, ai kaɗan ne. Na kantuna ne muka ɗora a sama. Na ɗauka ƙasa za ta cinye."

"Ƙasa ta ci kwalba? A gidan uban wa ka taɓa ganin haka? Ka ji sungumi na bugawa, kana cikin takalmi, ka san ina bayanka ba takalmi, ka kasa buɗe baki?"

"Tsoron faɗanki na ji, Yaya."

Wannan maganar ta fi kwalbar ciwo. Sai kuka ya zo mini, kukan baƙin ciki, ba na rauni ba. Ya yage bakin rigarsa ya ɗaure ƙafar, ya goya ni har bakin hanya.

Shukar shi ya ƙarasa ta. Ƙafa kuwa ta kumbura ta yi ruwa. Wanzami ya ciro guntu, likita ya ciro wani, duk da haka na kwashe damina a kan tabarma, fita bayan gida ma da rarrafe. Na aika wa matan da muke gayya tare, suka je, ɗaya ta yanke a yatsa tun a kunyar farko, suka dawo suka ce in yi haƙuri. Ban ga laifinsu ba. Ƙanen mijina na zuwa ran Lahadi ya yi noma shi kaɗai, amma noman rana ɗaya a mako ina zai kai? Abin takaicin, takin ya yi aiki. An ce mini hatsi ya tashi kore shar, irin wanda gonar ba ta taɓa gani ba. Ciyawa ma ta samu abin da take so, ta taso ta fi shi, ta shaƙe shi. Ina kwance ina jin tarakta na wucewa kullum da hantsi, tirela na ƙarau-ƙarau a bayanta, ni kuwa kamar in tashi in jefe ta.

Da kaka abin da aka kawo mini bai rufe gindin rumbu ba. Ban jira saƙon wana ba, ni na aika masa ya turo jakuna.

Da safen da za mu tashi, ina zaune a ƙofar gida ana ɗaure tabarmi da tukwane, sai ga ƙanen mijina. Tun da abin ya faru bai sake ce mini matar yaya ba. Ya tsaya nesa kaɗan, yana murza hularsa.

"Yaya, direba ya ce in kina so a kawo tirela bayan an tashi aiki, a kai miki kaya har Tibiri. Za mu wanke ta."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, kamar wancan karon.

"Bar ta inda take," na ce.

Aka ɗora ni kan jaki don ƙafar ba ta kai Tibiri. Da muka zagayo bayan katanga na ga wani ɗan juji ya sake taruwa a wurin, tokar damina da kashin awaki, da yara suka riƙa zubarwa ina kwance saboda sun saba. Ya fara baƙi. Na tsayar da jakin na kira ƙanen mijina, ya taho da sauri.

"Ga shara can," na ce. "Gobe ku kwashe ku kai rami."