Ƙafafun Kakana a Littafin Bafaranshe

Ƙarar zif ɗin jakar makaranta ce ta fara komai. Ina yankan kuɓewa a kicin ɗin gidanmu da ke titin High Point Road a Amurka, 'yata ta buɗe jaka ta jawo wani littafi mai nauyi da ta aro a laburare. An ba su aikin gida a kan wani mai zane Bafaranshe na zamanin da. Ta shiga zuba mini tarihinsa da Turanci tana tsare ni da ido, na ce ta sunkuyar da kai, ba a kallon babba haka. Kullum faɗanmu ke nan.

Ta sunkuyar, ta ci gaba. Wai a Paris ya koyi zane, ya yi ta tafiya Masar da Turkiyya yana zana abin da ya gani, ya koma gida ya shekara da shekaru yana koyarwa. Ya yi suna sosai, daga baya yayi ya wuce shi. Na goge hannu na karɓa. Wasu shafukan na rufe da sauri ina istigfari, Allah ya sani ban yaba masa a kansu ba. Sai na zo kan wasu mutane suna salla a kan soro, wani tsoho ya yi zaman tahiya, tafin ƙafarsa na waje. Mutumin nan har faso ya zana. Har ƙurar da ke maƙalewa a cikin tsagar.

Na zauna, domin ƙafar kakana na gani.

A gidanmu na Maradi, ni ce mai shafa masa man kaɗe. Da damina yakan dawo daga gona ƙafa duk laka, in kawo ruwa a ƙwarya in wanke, in goge da tsumma, in murza man a tafina har ya narke. Ina jin warin man har yanzu, haɗe da hayaƙin murhun kakata. Babban yatsansa na dama ya karkace tun da jaki ya taka shi. Akwai tabo a idon sawu, inda lauje ya same shi yana saurayi. Da hunturu fason kan buɗe har ya yi jini, amma bai taɓa cewa wash ba. Idan na gama sai in ji tafinsa a kaina.

"Allah ya ba ki mai yi miki."

Abin da yake cewa ke nan, ba ƙari. Na tafi lakwal, wato makarantar boko, a birni, ya rasu ina can. Hoton da ke jikin katinsa na shaida ya ɓace da katin, wani kuma bai taɓa ɗauka ba.

Kai mai karatu, ka gwada tuno fuskar wanda ka fi so. Ni ranar nan na gwada, na kasa. Na san yana da gemu, domin kowa ya faɗa. Amma tarbiyyar da aka yi mini ta hana ni ɗaga ido, ni kuma na riƙe ta da kyau. Duk shekarun nan a Amurka nakan ji kamar na rasa shi gaba ɗaya, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maigidana.

Wannan Bafaranshen bai taɓa taka ƙasarmu ba, ba kakana ya zana ba. Amma ya duƙa ya kalli ƙafar wani tsoho yadda na kalli ta kakana, ya ga ta isa a zana. Shi ya nuna mini cewa ashe ban rasa komai da komai ba, akwai abin da na riƙe. Na gode wa Allah da ya biyo da wannan ta hannun da ban zata ba.

'Yata ta ga hawaye suna ɗiga kan shafin, ta janye littafin kada a ce ta ɓata. Na ba ta labarin duka, da man, da tabon, da fuskar da babu. Ta shiga murza bakin zanena. Can ta ɗago, ta tsare ni da idon nan da nake hana ta, wannan karon kuwa na ƙyale ta. Da Hausarta mai tangal-tangal ta ce:

"Mama, ni ki bar ni in riƙa kallon fuskarki. Ba na so ƙafa kawai ta rage mini."