Ranar da Na Auna Ƙarar Gangarsa

Aikina a Dubai shi ne in hana mutane jin ciwo. Daga 2010 zuwa 2014 ni ne jami'in kiyaye haɗurra a wata masana'antar tagogin alminiyam da ke Dubai Investments Park. Ina yawo da hular kwano da wata 'yar mita mai auna ƙara, ina yi wa manyan mutane faɗa kamar ni na haife su. A shekarun nan ba wanda ya rasa ko yatsa a ƙarƙashina, kuma na daɗe ina tinƙaho da haka. Amma akwai mutum ɗaya da ya rasa aikinsa da bizarsa ta dalilina, kuma shi ne mai gangar ƙungiyar kiɗan da na fi so a rayuwata.

Wata Juma'a, ranar hutunmu, bayan an sauko daga masallaci na biya ta masana'anta don in duba ƙararrawar gobara. Tun daga bakin get na ji ƙasa tana rawa. Na ɗauka wani ne ya bar inji a kunne, na nufi tsohon siton da ke baya raina a ɓace, har na gama shirya faɗan da zan yi. Da na tura ƙofa sai na tarar da mutum huɗu cikin singileti, gumi yana zuba. Biyu 'yan Filifin ne daga sashen fenti, kowanne da jitarsa. Ɗaya Ba'indiye ne, direban motar ɗaga kaya, shi ke waƙa. A bayansu, a tsakiyar ganguna, ga mutumin da ke kan babban zartonmu na yanka alminiyam. Ɗan Zangon Kumasi ne a Gana, ya girme ni da fiye da shekara goma, kuma mu biyu ne kawai masu jin Hausa a duk masana'antar. Kullum muna gaisawa, ban taɓa sanin yana da wata rayuwa bayan zarto ba.

Ya ɗaga sanda, suka tsaya. Ya ce, "Massa, kamu ka zo ko ji?" Massa shi ne maigida a bakin 'yan Gana.

Na ce, "Ɗan Zango, wa ya ba ku izini?"

"Tsohon mai kula da sito. Zauna ka ji guda ɗaya. In bai yi maka ba, khalas, ka kore mu."

Na zauna a kan wani kwali da niyyar in ji guda ɗayan in kore su. Sai da aka kira la'asar na tashi, ni da shi muka shimfiɗa kwalin muka yi salla.

Kiɗan Turawa ne da ake kira rok, mai nauyi irin na shekarun saba'in, wanda ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi an daɗe da ajiye shi a lungu. Ba su da kwamfuta, ba su da wata na'urar gyara murya. Lasifikokinsu tsofaffi ne da suka tsinto a kasuwar gwanjo ta Sharjah, sai an kunna an jira sun yi zafi kafin su yi magana, kamar tsohuwar Fijo da safe. In sun yi zafi kuwa, jita gurnani take yi, mai kauri, mai ɗan datti-datti, kana jin yatsun mutum suna gogar waya. Waƙoƙin duk nasu ne. Akwai wata a kan bas ɗin da ke kwaso ma'aikata da asuba, akwai wata a kan wayar da mutum yake jira daga gida. Amma ni abin da ya kama ni gangar ce. Akwai wani ɗan jinkiri da Ɗan Zango yake yi kafin ya sauke sanda, irin wanda makaɗan gidan biki suke yi don su ja ran masu rawa. A cikin wannan hayaniyar Turawa na ji abin da na sani tun ina yaro, kuma tun daga ranar makullin siton ya dawo aljihuna.

Gaskiya ita ce ina jin kunyar son da nake musu. A unguwar Al Rigga nake zaune, mu uku a gida ɗaya, duk 'yan Arewa, duk masu takardun digiri. Ƙungiyar ta ɗauki waƙoƙi shida a faifai a cikin siton, suka ba ni ɗaya. Wata rana na rage wa wani Bakatsine abokin zamana hanya, na manta faifan yana ciki. Yana tashi ya dafe ƙirji ya ce, "Malam, rediyon ne ya yi gamo ko kai ne?" Na yi dariya na ce wani ɗan Filifin ne ya bar shi a motar. Na cire na jefa a baya. Da na sauke shi na ɗauko na goge da gefen rigata.

Irin wannan halin ne ya kai ni ga abin da na yi. Wata Juma'a mitar aiki tana jakata, wasa ya ɗebe ni na kara ta kusa da gangunan Ɗan Zango yana tsakiyar duka. Lambar da ta nuna ta wuce ta babban zarto. Muka yi ta dariya, shi har da ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci dambe, na ɗauki hoton mitar da wayata, ga shi a baya yana washe baki. Bayan kamar mako biyu muna shan shayi a ofis, manajan ma'aikata ya tambaye ni me nake zuwa yi duk Juma'a, don ya ga sunana a littafin masu gadi. Mutum shida ne a wurin, duk suka juyo. Da na ce ina zuwa jin kiɗa mai kyau, da magana ta ƙare. Sai na mai da abin barkwanci. Na ce ina zuwa ne in tabbatar rufin bai faɗo ba. Na ce in suka fara ko tattabaru barin unguwar suke yi. Na fito da hoton na zagaya da shi, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Manajan ya ce in tura masa ya nuna wa matarsa, na tura.

Ba wanda ya san darajarsu, ni ma da na sani ga yadda na yi. Sun kai faifan otal-otal na Rigga da Deira, ko'ina amsa ɗaya ce: ina 'yan matan da za su yi waƙa, kuma me ya sa ba sa yin waƙoƙin da mutane suka sani? Wani manaja ya ce musu kiɗan kakansa ne. Sau ɗaya tak na ga sun yi wasa a gaban jama'a, a wata gona a Hatta, cikin sanyin farkon 2012, inda wani kamfani ya kai ma'aikatansa shan iska. Da rana tsaka ne, ga duwatsu a bayansu, ga janareta tana tari. Mutanen kuwa hankalinsu yana kan gashin nama. Wata mata ta zo har sau biyu ta ce a rage murya, yaronta yana barci. Su ko a jikinsu, suka yi waƙoƙi shidan nan kamar duniya ce ta taru. Na tsaya a gindin wani dabino idona ya ciko, na juya baya don kada wani ya gani.

A hanyar dawowa na zauna a daman Ɗan Zango a cikin bas. Na yi ta ba shi labari, yana kallon taga. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya juyo gaba ɗaya, ya miƙo mini kunnen hagu.

Ya ce, "Wancan ya tafi hutu, Massa. Ya kai wata huɗu. Wannan ma ya fara ƙara kamar kuka."

Saura wata biyu a yi gwajin ji na shekara. Ya san haka, shi ya sa ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asiri, yana da 'ya'ya mata biyu a sakandare. Na ce ba a ɓoye wa likita kunne, amma ya kwantar da hankalinsa. Na bayyana masa yadda abin yake a kamfaninmu. In aiki ne ya ci kunnen, dole su nema masa magani su mai da shi sashen ɗaure kaya inda babu ƙara. In daga waje ne, sai su ce bai dace da aikin ba, su soke biza. Na ce kai da kake kan zarto kwana shida a mako, awa goma a rana, wa zai ce daga waje ne? Na ƙara da cewa sau uku ina rubuta takarda a sayo wa 'yan zarto abin rufe kunne mai kyau, ba a saya ba, kuma takardun suna nan a fayil. Ina wannan bayanin ko kaɗan hoton bai faɗo mini a rai ba.

Sakamakon gwaji ya fito kamar yadda muka zata. Aka kira ni ofishin manajan ma'aikata. Ban gama zama ba ya juyo mini da kwamfutarsa, ga hoton ya cika fuskarta, ga lambar, ga Ɗan Zango yana dariya.

Ya ce, "Habibi, kai ka auna, ba ni ba. Da mitar kamfani."

Na ce masa ba ƙarfin ƙara kaɗai ake dubawa ba, ana duba tsawon lokaci. Ganga awa uku ce a mako, zarto awa sittin. Wannan shi ne ilimin da aka ɗauke ni aiki dominsa, kuma na faɗe shi sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya jawo fayil ya fito da takarduna uku ya jera su a kan tebur. Ya ce in zarto ne, to tambayar da za a yi ita ce me ya sa jami'in kiyaye haɗurra ya san babu abin rufe kunne mai kyau, ya bar mutum yana aiki shekara biyu bai tsayar da injin ba. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya sa aka kawo mini. Ni ma bizata a hannunsu take, kuma a watan ne aka sa ranar aurena. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Na sa hannu a rahoton da ya ce akwai shaidar ƙara mai tsanani a wajen aiki.

Ba a gaya wa Ɗan Zango daga ina shaidar ta fito ba. Shi ya ɗauka masu gadi ne. Aka ba shi wata ɗaya ya haɗa kayansa. Gangunan ya bar wa 'yan Filifin ɗin, suka gwada wani yaron Nepal sau biyu, suka gwada na'ura mai buga ganga da kanta, Ba'indiyen ya ce kamar waƙa da agogo ne. Kafin azumi suka daina zuwa, na mayar da makullin.

Ana gobe Ɗan Zango zai tafi na gayyace shi cin abincin rana a wani ɗan shago na 'yan Gana a bayan Rigga. Ya sa aka kawo mana tuwo da miyar ayoyo, yana ci yana gode mini, wai ni kaɗai na tsaya masa. Na tsame hannuna daga kwano. Na matso na fara gaya masa a hankali, ya girgiza kai ya nuna kunnensa. Dole na ɗaga murya. Haka na faɗi komai da ƙarfi, shayin, hoton, sa hannun, masu cin abinci suka juyo suna kallonmu, mai tuwon ta tsaya da mara a hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ta yi mini kaɗan.

Ya wanke hannunsa a kwano, ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na shirya wa zagi, na ma fi son ya zage ni.

Ya ce, "Sa hannun na gane. Kowa da bizarsa, Massa. Ni ma da ni ne, ban san me zan yi ba." Ya ture kwanon gefe. "Amma ranar shayin. Mutum nawa ka ce?"

"Shida."

"Manya duka?"

"Manya."

"To da kake ba su labarinmu, ka gaya musu mun iya? Ko ƙarar kawai ka faɗa?"

Na buɗe baki na rufe. Ya juyo da kunnen hagu ya matso da shi kusa da ni, yana jira, don a zatonsa na ba da amsa shi ne bai ji ba.