Agogon Baba a Gaban Alƙali

Yayana mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma duk wanda ya wuce sai ya leƙa ya tambayi lokaci, shi ya sa unguwa ta raɗa masa suna Ƙarfe Nawa. Mutum ne marar hayaniya. Zai iya wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya bai ce uffan ba. Ni ƙanwarsa ni na kwashe surutun gidanmu gaba ɗaya, ban rage masa ko kaɗan ba.

A kan kantarsa akwai wani tsohon agogon tebur mai hannu, na mahaifinmu. Ba ya cin batir, makulli ake sa masa a murɗa, ya yi kwana takwas yana tafiya. Tun da Baba ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, Yaya bai taɓa bari ya tsaya ba. Kowace Litinin yake murɗa shi. Ni kuwa kullum sai na tsokane shi, in ce matarsa ma ba ta samun irin wannan kula.

Wata Laraba da rana tsaka ya tsallaka titi sayen man goge ƙarfe, kafin ya dawo wani ya yi awon gaba da agogon. Bayan kwana biyu aka kama mutumin yana neman mai saye, agogon na ta bugawa a cikin jakarsa. Muka yi murna, ashe mun yi gaggawa. Aka ce agogo ya zama kayan shaida, zai zauna a ɗakin ajiyar kotu sai an gama shari'a.

Yaya ya je ya sami matar da ke riƙe da ɗakin, wata mai tsare gida da ba ta cika dariya ba. Ya roƙe ta minti ɗaya kacal duk mako. Ta ce ba a taɓa kayan shaida. Sai ya hango agogon hannunta ya mutu, ya karɓa ya tayar mata da shi nan take. Daga ranar, kowace Litinin takan buɗe masa ƙofa, ta tsaya a kansa, ya murɗa, ya sa hannu a littafi, ya fita.

Shari'ar kanta kuwa ba wanda ya gaya masa komai a kanta. In ya tambayi mai gabatar da ƙara, sai ya ce za a neme shi. Sau uku ana zama ana ɗagewa, a bakin masinjan kotu muke ji. Da ya ga takardar ƙarar an rubuta gwamnati ce ke ƙarar ɓarawon, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce shi dai bai taɓa ganin gwamnati ta zo ta murɗa agogon nan ba. Ni raina ne ya ɓaci sosai, don an mai da mai abu ɗan kallo.

Wata lauya da ta kawo masa gyara ita ta buɗe masa ido. Ta ce wanda aka yi wa laifi yana da haƙƙin a sanar da shi ranar zama, ya halarta, a saurare shi kafin hukunci, ya kuma nemi a mayar masa da kayansa. Yaya ya rubuta wasiƙa da kyakkyawan rubutunsa ya kai. Aka karɓa, aka buga mata hatimi, shiru kake ji.

Sai wata Litinin ta faɗo ranar hutu, kotu a rufe. Talata ita ce kwana na takwas. Na raka shi da sassafe. Mai ajiya ta ce ai an ɗauki agogon zuwa zauren kotu, yau ɓarawon zai amsa laifi.

Ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ranar. Muna shiga muka ji mai gabatar da ƙara yana shaida wa alƙali cewa mai kayan bai zo ba.

"Ga ni, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Alƙali ya tambaya ko an aika masa takardar sanarwa. Mai gabatar da ƙara ya shiga juya fayil, sai ga wasiƙar Yaya ta faɗo ƙasa da hatiminta. Alƙali ya karanta, ya yi wa mai gabatar da ƙara wani kallo da ni ma sai da na ji kunya a madadinsa. Sannan ya tambayi Yaya abin da ke ransa, ya ce kotu na saurarensa.

"A bar ni in murɗa shi tukuna, ranka ya daɗe. Numfashinsa ya kusa ƙarewa."

Aka yi dariya, har da ɗan sandan ƙofa. Alƙali ya ba shi izini. Ya ciro makulli daga wuyansa, ya murɗa a hankali, zauren ya yi tsit har ana jin tafiyar agogon.

"Ba na neman a tsananta wa wannan bawan Allah," in ji Yaya. "Ina so dai ya san abin da ya ɗauka. Baba ne ya yi masa murɗawar ƙarshe da hannunsa, kwana uku kafin ya rasu. Ni ɗorawa kawai nake yi a kan tasa. Ran da ya tsaya, ta Baba ta ƙare."

Ɓarawon ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce a ɗauki hoton agogon a sa a fayil, a miƙa wa mai shi kayansa yau ɗin nan.

A hanyar gida Yaya na rungume da agogo, yana mitar cewa na bangon kotun ya yi latti da minti bakwai. Ni kuwa na kasa tsokanarsa. Shekara goma sha tara ina yi masa dariya, kuma sai a cikin kotu na ji dalilinsa, don alƙali ya tambaye shi, ni ban taɓa tambaya ba.