Na Je Guangzhou Duba Ƙafar Wani Bature

Kano zuwa Legas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida, Hajiyarmu tana tsaye a soro tana maimaita abin da ta faɗa tun jiya: "Ka gano mini abin da yake yi, Habu. In ƙarya ce, ka taho da shi." Ƙanena Sagiru take nufi. Wata takwas yana China, kullum labarinsa a waya ɗaya ne: yana buga ƙwallo a hannun wani Bature ɗan Sifaniya, tsohon ɗan wasa da ya koma koci. Ko hoto ɗaya a cikin fili bai turo ba. Ni ɗori ne sana'ata, gadon mahaifinmu, kuma na daɗe ina bin ƙungiyoyin unguwa ina gyara musu targaɗe. Na ga samarin da aka yaudara da sunan ƙwallon waje sun fi a ƙirga. Tun ban ga Baturen nan ba na tsane shi.

Jirgi ya tashi ƙarfe bakwai. A Legas na yi zaman awa tara a kan benci, jakata a tsakanin ƙafafuna, duk wanda ya yi mini murmushi sai in ƙara matse ta. Daga nan Dubai, daga Dubai awa takwas a sama.

Baiyun da Xiaobei

Mun sauka a filin jirgin Baiyun da ke Guangzhou ƙarfe goma na safe. Lokacin wasannin Olamfik ne, bincike ya yi tsanani. Jami'in ya juya fasfona gaba da baya, ya buɗe kwalbar man ɗorina ya shinshina, ya yi atishawa, sannan ya ce in wuce. Alhaji Ɗanlami, maƙwabcinmu mai sarin wayoyi, shi ya tarbe ni. Tasi ta kai mu unguwar Xiaobei cikin minti hamsin. A titin Huanshi Lu masauki biyu suna ganin koren fasfo suka ce "meyo", wato babu. Na uku ne ya karɓe ni.

"A Beijing ake wasannin, mu ake bincika a nan," in ji Alhaji. "Kar ka fita ko sayen ruwa ba da fasfonka ba."

Da la'asar Sagiru ya zo, cikin doguwar jallabiya duk zafin da ake yi. Ya yi kumatu. Ɗan wasan da ake horarwa kullum ba ya kumatu. Ɗakina a hawa na farko yake, amma ya tsaya jiran lifta. Na shimfiɗa darduma na ce mu yi jam'i, ya ce, "Na yi tawa a hanya, Yaya." Magariba ma haka. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata har sallah Baturen nan ya raba shi da ita.

Huadu

Washegari ƙarfe bakwai ni da Sagiru da Alhaji muka hau bas, tafiyar awa ɗaya da kwata, zuwa wani filin ƙwallo a yankin Huadu, a bayan masana'antar jakunkuna. Ƙungiyar ma'aikatan kamfanin ce. Kocin gajere ne mai furfura da tumbi, in ka gan shi a kasuwa sai ka ce mai sayar da taya ne. Ya yi ta girgiza hannuna yana yabon Sagiru, ni kuwa ina kallon Sagirun a gefen layi da usur a wuya.

"Kai ba za ka shiga ba?"

"Yau hutuna ne, Yaya."

Kocin ya nuna mini hotunansa na da cikin rigar wasa. Ban yarda da su ba, don a hanya Alhaji ya nuna mini shagon da za su iya haɗa hotona da kowane sarki. Ni ban san takarda ba, ƙafa na sani. Na ja Alhaji gefe na ce ya gayyato mana shi cin abinci, amma a inda ake cire takalmi a zauna a ƙasa.

Hawa na sha ɗaya

Rana ta uku da azahar muka haɗu a ɗakin wata Bazabarma mai tuwo, a hawa na sha ɗaya. Bature ya cire takalmi da safa, ni kuma na kafa ido ba kunya. Faratan manyan yatsunsa sun mutu sun yi baƙi. Ƙwaurinsa duk tabo. Da ya zo zama, gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ya dafa bango ya miƙe ta. Na nemi izini na taɓa, na ji ɗinkin aiki har biyu. Wannan ƙafa ta sha ƙwallo, ba a sayen irinta a shago.

Yana cin tuwon shinkafa da cokali, Alhaji yana fassara. Ya ce a wani ƙaramin gari na masunta ya tashi, ɗan wasan baya ne, yawancin rayuwarsa a rukuni na biyu ya yi ta. Ya hau babban rukuni, bai daɗe ba gwiwa ta tafi. Ya koma horar da yara, ya riƙe ƙananan ƙungiyoyi, biyu suka kore shi, ɗaya a waya ma aka sallame shi. Da aka yi masa tayin China bai tambayi ko wane gari ba ne. Sai ya nuna Sagiru da cokalin.

"Ya ce irin ciwonsu ɗaya," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ranar farko ya gane, ya kai shi asibiti aka ɗauki hoton gwiwar. Jijiyar ciki ta daɗe da tsinkewa, aka ci gaba da wasa a kanta. Ya ce Sagiru ba zai ƙara bugawa ba, amma yana da idon koci, shi ya sa ya riƙe shi yana koya masa."

Na ce wa Sagiru ya ɗaga jallabiyar. Na kama gwiwar dama na ja, ƙashin ya biyo hannuna kamar aljihun tebur. Ashe a zaune yake sallah, shi ya sa yake ɓoye mini.

"Tun yaushe?"

"Tun faɗuwar nan ta Sabon Gari, Yaya."

Ni na ɗaure gwiwar nan da hannuna shekara biyu da suka wuce. Ni na ce targaɗe ne, ya huta sati uku ya koma fili.

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "In na faɗa, wa zai ƙara kawo maka ƙafarsa a unguwa?"

Kunya ta rufe ni. Na tsallako duniya neman maƙaryaci, ga shi ni na karya yaron. Bature bai san me muka ce ba, ya turo mini ruwa.

Komawa

Hali dai ba ya barin mutum: sai da na sa Alhaji ya karanta mini bizar Sagiru da takardar aikinsa layi-layi kafin na yarda in bar shi. Lafiya lau suke. Rana ta shida suka raka ni Baiyun, na ba Baturen kwalbar man, na ce ya riƙa shafawa, ba zai warkar ba amma yana rage tsami.

Na iso Kano ranar Laraba da hantsi. Na faɗa wa Hajiya komai, har da nawa laifin. Da na gama sai ta ce, "Yana cin abinci dai?" Na ce har ya yi kumatu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Ɗanlami, da Baturen da na zaga a zuci tun daga Kano. Da yamma aka kawo mini wani ɗan wasa da kumburarriyar gwiwa, abokansa suna cewa in ɗaure masa, akwai wasa ranar Asabar. Na taɓa, na mayar masa da ƙafar wandonsa, na ce su kai shi asibiti a ɗauki hoto tukuna.