Takanɗar bakin gona a Simsim

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata sun shuɗe mini, amma ranar da Baba ya zube a gonar riɗi a Simsim tana nan daram, kuma na san da ita zan shiga kabari. Shekaru sun ja, amma kamar jiya nake ganinta.

Baba direban tarakta ne a wani mashru'i, irin manyan gonakin nan da ido ba ya kai ƙarshensu. Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, yana shan ƙwaya, amma shayinsa kamar zuma. A shekarar da na gama sakandare idonsa ya fara dishi-dishi, ƙafarsa ta fara mutuwa har bai cika jin birki ba. Na raka shi wurin wata daktora a Gadarif. Ta ce ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe shi ba, sai rayuwarsa gaba ɗaya ta sauya: ban da sukari, kisra, wainar dawar nan tamu, kaɗan, ganye da wake da yawa, tafiyar ƙafa safe da yamma, barci da wuri. In ba haka ba, idon da ƙafar duk za su tafi. Ta ce ya dawo ta sake duba maganin, kuma kada aljihunsa ya rabu da dabino, don in sukarin ya yi ƙasa sosai, matuƙar yana iya haɗiya, zaƙi ne zai tashe shi.

Lokacin yankan riɗi na bi shi kambo, inda ma'aikata ke kwana, don in riƙa yi masa girki. Da fari faɗa muke.

"Ya bitti, 'yata, wannan shayi ne ko ruwan wanke tukunya?"

"Sha dai, Baba."

"Uwarki ma ba ta mulke ni haka ba!"

Amma da jikinsa ya fara sauƙi sai ya fi ni tsanani. Mutumin da ko bakin rijiya sai da tarakta, shi ne yake zagaye gona da ƙafa. Ma'aikata na tsokanarsa, "Usta, an ƙwace taraktar ne?" Shi kuwa ya ce su jira, zai binne su duka. Ana haka ruwan ƙarshen damina ya sauko, baƙar ƙasar nan tamu ta zama taɓo mai kama ƙafa, hanyar gari ta rufe. Lokacin komawa wurin daktora ya wuce muna kambo.

Ran nan da hantsi na bi shi tafiyarsa. Mun yi nisa, bukkokin sun koma ƙanana a bayanmu, sai na ga gumi na tsiyayo masa alhali iska na kaɗawa. Maganarsa ta fara harɗewa. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Sai gwiwoyinsa suka saki, ya zube tsakanin kunyoyi.

Na laluba aljihunsa. Wayam.

"Baba, ina dabinon?"

Da ƙyar ya ce, "Na ba yara... zaƙi ne... shi ke nan, na daina."

Na ƙwalla ihu, amma a filin nan ihu ba ya zuwa ko'ina. Ba mutum, ba bishiya, riɗi ne kawai har inda sama ta taɓa ƙasa. In na ruga kambo, ban san abin da zan dawo in tarar ba. Ina juye-juye ina "Ya Allah, ya Allah," sai idona ya faɗa kan wasu dogayen kara a bakin gona. Takanɗa ce, wadda Larabawa ke ce wa ankolib, ma'aikata kan watsa irinta don su sami abin tsotsa. Kullum muna wuce ta, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba.

Na karya, na ɓare da haƙori har leɓena ya tsage. Na ɗora kansa a cinyata, na murɗe ɓargon da hannu biyu, ruwan na ɗiga a bakinsa. Ya haɗiye. Na sake karyowa. Ban san kara nawa na murɗe ba, na dai san tafin hannuna duk ya yayyanke. Can sai na ga idonsa ya daina yawo, ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ya bitti, ba ke kika hana ni zaƙi ba?"

Na fashe da kuka, har shi ya koma lallashina.

Da hanya ta bushe muka shiga gari. Ina tsammanin daktora za ta ce ciwon ya ƙaru. Ta gwada jininsa, ta dube shi, ta ce, "Usta, jikinka ne ya gyaru har ƙwayar ta yi masa yawa." Ta rage maganin, ta ce ya ci gaba da duk abin da yake yi. Ashe sauƙin da muke roƙo ne ya kusa kashe shi, kuma abin da muka ɗauka guba shi Allah Ya tsirar a bakin gona tun farkon damina yana jiran wannan hantsi.

Baba ya ci gaba da tuƙi shekaru, da idonsa da ƙafarsa. Ni kuwa abin da na koya shi ne, babu abin da Allah Ya halitta da yake guba zalla ko magani zalla, komai da gwargwadonsa da lokacinsa, kuma mai gyara cinsa kada ya yi nisa da likitansa. Har yau, duk rigar Baba da na wanke, sai na zuba dabino a aljihun kafin in ninke.