Cinikin Finiƙawa a Ƙofar Ƙanena

Bayan rasuwar matarsa, ƙanena ya kulle kansa a ɗakinsa na unguwar Bani Harisa. Ya daina zuwa rumfar dabinon da muke tsaro a Uhudu, ya daina ɗaga waya. In na buga ƙofa, motsinsa kawai nake ji. Shi kaɗai ne jinina a Madina bayan iyalina, kuma so nake ya fito.

'Yata ce ta kawo zancen Finiƙawa muna cin abinci. Tarihi take karantawa. Ta ce fataken teku ne na zamanin da, mutanen gaɓar Sham, waɗanda suka kakkafa zango a bakin ruwa har Afirka, suna sayar da gilashi da tufafi masu rini.

Na ce, "Da wane yare suke ciniki?"

"A wasu wuraren wala kalima, Baba. Ya'ani..."

"Yi mini da Hausa, ba a aji kike ba."

Ta yi dariya, ta ce ko kalma ɗaya ba a furtawa, ta jero mini. Da farko su shimfiɗa kaya a bakin teku. Sannan su koma jirgi su tayar da hayaƙi. Mutanen gari su zo su ajiye zinariya, su ja da baya. In ta yi musu, su ɗauka su tafi. In ba ta yi ba, ba mai taɓa komai sai an ƙara.

Tsarin ya kwanta mini. Washegari na sa aka yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ajiye kular a ƙofarsa, na ƙwanƙwasa, na sauko na zauna a mota. Da na koma, babu ita. Kashegari na tarar da ita a waje, a wanke. Daga baya ya fara saka wani abu a ciki: kwalbar turaren marigayiyar, sai carbinta, sai mayafinta a ninke. Maiɗakina ta ce, "Malam, mai rabon kaya haka sallama yake yi. Ka yi masa magana." Na ce mata tunda yana mayarwa, muna kan hanya, kada a gaggauta shi.

Wata rana na iske kular yadda na bar ta. Na ce ƙari ake so. Na kawo kilishi, na kawo fura. Na rufe da agogon mahaifinmu, wanda ƙanen nawa ya daɗe yana roƙona.

Ina ajiye agogon sai mai gadin gidan, wani Basudane, ya hawo.

"Ya Hajji, wa kake ciyarwa? Ɗan'uwanka ya yi huruj niha'i."

Bizar fita ta ƙarshe ke nan, wadda ba a riƙe iƙama, takardar zaman ƙasa, bayanta. Ya ce shi da kansa ya tsayar masa da motar filin jirgi, da jaka ɗaya. Na tambaye shi ko ya bar mini saƙo. Ya ce a'a.

Na kwashe kulolin, furar har ta yi tsami. Rabon da in ga fuskarsa tun ranar da muka kai matarsa maƙabartar Baƙi'a.