Tsamiyar Baban Ungulu

A mayanka kowa da abin da aka san shi da shi: wani kaifin wuƙa, wani tsawon harshe. Shi kuwa tsohon mahaucin nan ungulu ce ta yi masa suna, har yara ba su san shi da wani suna ba sai Baban Ungulu. Matarsa ta daɗe tana jin haushin abin. Ki auri mutum da ƙuruciyarki, a wayi gari ana ce miki matar Baban Ungulu!

Lokacin da aka kawo ta gidan, ungulayen da ke kan rufin mayankar sun fi mahauta yawa. Kafin a wanke wuƙa sun share ƙazanta tas. Daga baya aka fara zuba guba a mushe saboda karnuka masu yawo, masu haɗa magani kuma suka shiga farautar kawunansu. Kamar wasa rufin ya koma wayam, wari da ƙudaje suka gaji wurin. Biyu kacal suka rage, suka yi sheƙa a tsamiyar bayan gidansa.

Kullum in ya tashi aiki yakan taho musu da tarkacen hanji a bokiti, na dabbar da ya feɗe da hannunsa. Na wani ba ya karɓa, don bai san abin da aka ɗura wa dabbar ba. "Rabon 'yan shara ne," yakan ce. "Shekara da shekaru suna mana aiki, ko sannu ba wanda ya ce musu."

Ana nan aka sa ranar auren babban ɗansu, ga shi babu filin gina ɗakin amarya sai gindin tsamiyar. Mai saran itace ya zo da gatarinsa. Tsohon ya ɗaga kai, ya ga macen ta lafe a sheƙa, duk hayaniyar nan ko motsi ba ta yi ba.

"Kwanci take yi," ya ce. "Ƙwai ɗaya suke yi a shekara. A bari ɗan ya tashi."

Ɗan nasa ya haɗiye fushi da ƙyar. "Baba, saboda tsuntsu za a ɗaga aurena?"

"Wa ya ce za a ɗaga?"

Ashe ɗakinsu ya yi niyyar bayarwa. Shi da matarsa suka koma ɗan ɗakin da yake ajiye fatu da gishiri, inda in mutum ya miƙe ƙafa sai ya taɓa bango. Ta yi faɗa har muryarta ta dashe, ta ce wannan shi ne ungulu da kan zabo, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Amma ya yi mata alkawari: ranar da ɗan ungulun ya tashi, ranar za a sare itacen.

Ƙofar ɗakin tsamiyar take kallo, don haka ko ba ta so sai ta gani. Ta ga yadda namijin da macen ke karɓa-karɓa a kan ƙwan, rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su. Ta ga ɗan ya fito, mummuna kamar an fige shi. Ba ta san ranar da ta fara korar masu harbi da danƙo ba, ba ta kuma san ranar da ta fara leƙa bokitin tana cewa, "Malam, yau ai ka rage musu."

Watanni suka shuɗe, ɗan ya yi fiffike ya bi iyayensa. Tsohon ba ya magana biyu. Da safe ya aika aka kira mai sara, duk da ta lura ko shayinsa bai iya sha ba. Nan tausayinsa ya kama ta, ta ji bai taɓa yi mata kwarjini kamar ranar ba.

Mai sara ya iso ya tarar ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar tana tsefe kan jikarta.

"Inna, a ɗan matsa."

Ko kallonsa ba ta yi ba, mijinta ta juya ta kalla.

"Malam, in sun dawo baɗi, a ina za su sauka? Sallami bawan Allah. Ni na saba da warin fata."